Samfuri a ilimin ƙididdiga

Samfuri wani ɗan kaso ne da ake tsamowa daga cikin taro domin a san halin taron baki ɗaya ba tare da an bi shi ɗaya bayan ɗaya ba. Taron na iya zama mutanen gari, ko buhunan masara, ko ƙwayoyin maganin da masana'anta ta fitar.

Fataken goro a Kumasi sun daɗe da sanin wannan dabara. Mai saye ba ya juye huhu gaba ɗaya. Yakan kwance bakinsa, ya ture ganye, ya zura hannu ya ɗebo daga gefe da tsakiya da can ƙasa, ya fasa biyu ko uku ya duba ko da sankara. Ba ya yarda da na sama kaɗai, don ya san nan ake jera manya. Samfurin da aka ɗebo daga ɓangare guda irin wannan shi masana ke cewa ya karkata, kuma yawansa ba ya gyara shi. A zaɓen Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta tara amsoshin mutum sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon ne zai ci. Franklin Roosevelt ya kayar da shi warwas. Yawancin sunayen da mujallar ta bi daga littattafan tarho da rajistar motoci ta kwaso su, wato masu hannu da shuni, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa.

Maganin karkata shi ne ƙuri'a, wato a bar sa'a kaɗai ta yi zaɓen, yadda kowa zai san rabonsa na shiga bai dogara da son ran mai bincike ba. Hukumar Ƙididdiga ta Gana takan yi ƙidayar kowa da kowa kusan duk shekara 10. Ta 2021 ta nuna mutum miliyan 30.8. Amma a binciken rayuwar iyalai samfuri take ɗauka hawa biyu: a fara zaɓen ƙananan yankunan ƙidaya, sannan a lissafa iyalan da ke ciki a sake zaɓe. A unguwa irin Aboabo ko Asawase a Kumasi wannan lissafi ba ƙaramin aiki ba ne, domin ƙofa ɗaya kan ɓoye tukwane da yawa, kowace da masu cinta. Ma'aikacin da ya tsaya a zaure ya tambayi maigida kaɗai ya bar 'yan haya a baya.

Yiwuwa

Abin da ke ba samfurin ƙuri'a ƙarfi shi ne lissafin yiwuwa, wanda Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka aza harsashinsa a wasiƙunsu na 1654 a Faransa, kan wata matsalar 'yan caca. Ana auna yiwuwa daga 0, abin da ba zai auku ba, zuwa 1, abin da babu makawa. Loton Gana misali ne a fili, ko da yake malamai sun hana yin sa. Ana fitar da lambobi 5 cikin 90. Rabon lamba ɗaya ta fito 1 ne cikin 18, na lambobi biyu tare kuwa wajen 1 cikin 400. Allunan tsofaffin lambobi da ake kafawa a bakin rumfuna ba sa sauya komai, injin bai san abin da ya fitar jiya ba.

Da wannan lissafi ake gano tazarar kuskure. Idan aka tambayi mutum 1,000 da ƙuri'a ta zaɓo, sakamakon kan kauce wa gaskiya da abin da bai wuce maki 3 cikin 100 ba, sau 95 cikin 100. Hakan yake ko Kumasi ake aunawa ko Gana duka. Mai son rage tazarar zuwa rabi kuwa sai ya ninka samfurin sau 4.

Gwajin zato

Nan ana fara ɗauka cewa babu wani bambanci, dace ne kawai, sannan a duba ko shaida ta isa rushe wannan zato. Ronald Fisher ya bayyana shi a 1935 da labarin wata mata a Ingila da ta ce tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Kowane mai shayi zai iya gwadawa a teburinsa: kofi 8, huɗu haka huɗu haka, a cakuɗa jerinsu. Mai kintace kawai, rabonsa na ware su duka daidai 1 ne cikin 70. Wanda ya ware su, da wuya a ce sa'a ce.

Fisher ne ya yaɗa al'adar yanke hukunci a kan 5 cikin 100: sakamakon da dace kaɗai ba zai kawo ba sai ƙasa da sau 1 cikin 20, a ɗauke shi da muhimmanci. Iyaka ce da aka saba da ita, ba dokar halitta ba. Mai binciken da ya gwada magunguna 20 marasa amfani, a ƙiyasi ɗaya zai tsallake ta. Ana kuma yin kuskure ta ɗaya gefen, a sallami maganin da yake aiki saboda marasa lafiyar da aka gwada shi a kansu sun yi kaɗan.