Labarin Annoba da Farashin Hannun Jarin Kamfanonin Magunguna

Labarin ɓarkewar cuta kan girgiza kasuwar hannun jari tun kafin likitoci su gama tantance cutar, domin mai zuba jari hasashen ribar gobe yake saye. Da zarar an ji annoba, tsoro kan sa a yi ta sayar da hannun jarin kamfanonin jiragen sama, otal-otal da man fetur, kuɗin kuma su karkata ga duk kamfanin da ake kyautata zaton zai samar da magani ko riga-kafi.

Annobar korona ce ta fi nuna haka a fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020. Daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris na shekarar, ma'aunin S&P 500 na Amurka, mai bin farashin hannun jarin manyan kamfanoni 500, ya zube da kusan kashi 34 cikin ɗari, har sau huɗu ana dakatar da ciniki na ɗan lokaci a watan Maris kaɗai. Ana cikin wannan hali ne hannun jarin Moderna, kamfanin da ke haɗa riga-kafin korona amma a lokacin ba shi da ko magani ɗaya a kasuwa, ya fara hawa daga kimanin dala 20 a farkon 2020, har ya haura dala 450 a Agustan 2021. Na Novavax, wani kamfanin riga-kafi, ya tashi daga kusan dala 4 zuwa sama da 300 cikin shekara guda da 'yan makonni.

Ƙananan kamfanoni ne suka fi wannan tsalle, tunda makomarsu kan rataya a kan magani ɗaya. Manya masu kayayyaki da yawa ba su cika motsawa sosai ba. Ranar 9 ga Nuwamba, 2020, da Pfizer da BioNTech suka sanar cewa allurarsu na bayar da kariya fiye da kashi 90, hannun jarin Pfizer bai ƙaru da ko kashi 10 ba, alhali na kamfanin jiragen ruwan yawon shaƙatawa na Carnival ya ƙaru da fiye da kashi 30, na Zoom, manhajar taro ta bidiyo, kuwa ya faɗi warwas, domin ana ganin kulle zai ƙare.

Abin takaici a nan shi ne yadda ƙananan masu zuba jari kan shigo a makare. A 2014, lokacin da Ebola ke kashe dubban mutane a Gini, Laberiya da Saliyo, hannun jarin kamfanin Tekmira na Kanada ya yi tashin gwauron zabi saboda wani maganin gwaji. A watan Yunin 2015 aka dakatar da gwajin a Saliyo don bai nuna amfanin da ake nema ba. Riga-kafin da ya samu amincewa a 2019 na kamfanin Merck ne. Haka kuma kasuwar ba ta ruɗe sosai ba sai da aka tabbatar da cutar a birnin Dallas na Amurka a ƙarshen Satumban 2014, abin da ke nuna cewa inda cuta ta ɓulla ya fi yawan matattu tasiri a kan farashi.

Hawan ma ba ya ɗorewa. Kuɗin shigar Pfizer ya kai kusan dala biliyan 100 a 2022, ya sauko ƙasa da biliyan 60 a 2023 da aka rage sayen allurar korona. Kamfanin Bavarian Nordic na Denmark, mai riga-kafin ƙyandar biri, ya ga hannun jarinsa ya yi sama a Mayun 2022, ya sake yin haka a Agustan 2024 bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan cutar.