Manufar iskar gas: me ta tanadar wa mutumin Katsina?

A watan Maris na 2021 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta ayyana shekaru goma na iskar gas, daga 2021 zuwa 2030. A watan Nuwamba na shekarar, a taron sauyin yanayi na Glasgow, Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba. Hikimar ita ce ba a tashi daga fetur, dizal da itace a faɗa wa hasken rana da iska dare ɗaya. Gas ne zai riƙe ƙasa kafin a kai can, tunda muna da shi jibge a ƙarƙashin ƙasa, kuma hayaƙinsa wajen samar da lantarki kusan rabin na kwal ne.

Ƙashin bayan manufar shi ne Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021. Ta wajabta wa masu haƙar gas su ware kason cikin gida kafin su kai waje. Ta hana ƙona gas a banza a rijiyoyin mai sai da izini ko a halin gaggawa, wanda ya ƙona kuma ya biya tara. Ta kafa asusun gina bututu da rumbunan gas, da ake zuba masa kashi 0.5 cikin 100 na farashin sari na mai da gas. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 aka ƙaro shirin mayar da motoci da Keke Napep kan gas na CNG, wato iskar gas da aka matse a cikin silinda, aka kuma cire harajin VAT daga kansa da gas ɗin girki.

Wanda ya fi shafar mu shi ne na girki. Ka tsaya bakin hanyar Katsina zuwa Daura ka ga itace da buhunan gawayi a jere, a jihar da hamada ke matsowa daga iyakar Nijar. Duk silindar da ta shiga gida, wata bishiya ce ta tsira, uwar gida kuma ta huta da hayaƙi a ido da ƙirji. Sai dai doka ba ta ƙayyade farashin kilo ba, kasuwa aka bar wa. Ran da kilo ya tashi, murhu ake komawa, ba mai tambayar gwamnati.

Na mota kuwa da sauran tafiya. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya taso daga Ajaokuta ya bi Abuja da Kaduna, a Kano zai tsaya. Gas ɗin da zai iso Katsina da Daura sai dai a ɗauko shi a tirela, kuɗin dakon kuma a kan direba da fasinja zai ƙare.