Kotu ɗaya, hukunci ɗaya: yadda Turai ke sasanta rikicin haƙƙin ƙirƙira

A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin da ya ƙera Epilady, wata na'urar tuge gashin jiki, ya maka kamfanin Remington a kotu bisa zargin kwaikwayon fasaharsa. Epilady na aiki da lanƙwasasshiyar waya mai juyawa, ta Remington kuwa sandar roba ce mai tsage-tsage. Kotun Ingila ta ce babu satar fasaha, ta Jamus ta ce akwai, alhali takardar haƙƙin guda ce.

Daga ina matsalar take? Ofishin bayar da takardun haƙƙin ƙirƙira na Turai da ke Munik shi ke tantancewa ya bayar, amma da zarar takardar ta fito sai ta rarrabu, kowace ƙasa da nata kaso. In rigima ta tashi, sai mutum ya bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya, kowace da lauyanta da harshenta da kuɗinta. Mai ƙaramin ƙarfi tun a hanya yake sarewa.

Don magance haka aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa kotun bai-ɗaya, wadda ake kira UPC, a 2013. Sai ranar 1 ga Yuni, 2023 ta fara zama da ƙasashe 17, Romaniya ta zama ta 18 a 2024. Birtaniya ta janye bayan ficewarta daga Tarayyar Turai, Sifaniya da Folan kuma ba sa ciki.

Ana shigar da ƙarar satar fasaha galibi a reshen kotun da ke ƙasar da aka yi laifin ko inda wanda ake ƙara yake. Mai neman a soke takardar kai tsaye sai ya nufi babban sashen da ke Faris, Munik ko Milan, gwargwadon fannin fasahar. Ɗaukaka ƙara a Luksambag ake yi. Cikin alƙalan har da masana kimiyya da injiniyanci, wanda a ganina shi ne mafi hikima a tsarin.

Sai dai takobin kaifi biyu gare shi. Hukunci ɗaya na iya hana abokin gaba sayar da kayansa a duk ƙasashen, haka kuma hukunci ɗaya na iya rushe takardarka a dukkansu rana guda. Shi ya sa aka ba masu takardun Turai irin na da wa'adin shekara 7, wanda ake iya tsawaitawa, su cire kansu daga hurumin kotun. Wanda kuwa ya zaɓi sabuwar takardar bai-ɗaya, wadda ke aiki a ƙasashen kotun a dunƙule ba tare da ta rarrabu ba, ba shi da wannan mafita.

Nijar, Chadi da Kamaru sun san rabin wannan tsari: ƙungiyarsu ta kare haƙƙin ƙirƙira, OAPI, da ke Yawunde na bayar da takarda guda mai aiki a ƙasashe 17, amma shari'ar satar fasaha a kotunan kowace ƙasa ake yin ta.