Yadda Wikipedia ke auna shaharar kamfanin kai abinci

A ce wani kamfanin kai abinci ya tara jarin miliyoyin daloli, baburansa sun cika titi, manhajarsa na cikin wayoyin dubban mutane. Sai wani ya buɗe masa shafi a Wikipedia, bayan mako guda editoci suka goge shi. Mai kamfanin zai ɗauka baƙin ciki ake yi masa, alhali rubutacciyar ƙa'ida aka bi, wadda ake kira ma'aunin shahara. Kowane harshe na Wikipedia yana tsara nasa dokokin. Wanda za mu duba a nan shi ne na Wikipedia ta Turanci, wadda ta ƙara tsaurara sharuɗɗanta a kan kamfanoni a 2018.

Tushen maganar shi ne Wikipedia ba ta yin bincike da kanta, abin da wasu suka riga suka rubuta take taƙaitawa. Idan babu wanda ya yi rubutu a kan kamfani sai shi kansa, duk abin da za a sa a shafin muryarsa ce, wato talla a rigar ilimi. Shi ya sa yawan odar da yake kaiwa a rana, da yawan ma'aikatansa, da kuɗin da ya tara, babu ɗaya da ke shiga lissafi. Tambayar da editoci ke yi ita ce: wa ya rubuta a kansa, kuma me ya rubuta?

Kowace madogara, wato rubutun da aka kafa hujja da shi, sai ta cika sharuɗɗa huɗu a lokaci guda. Ta yi magana mai zurfi a kan kamfanin, ta kasance mai zaman kanta, ta fito daga kafa amintacciya mai tace labari, sannan ta ƙunshi nazari da sharhi, ba ɗanyen bayani kawai ba. Ana buƙatar irinta fiye da ɗaya. Ba a haɗa rabi da rabi a ce an samu guda, kuma rahotanni goma daga jarida ɗaya ko marubuci ɗaya ana ƙirga su ne a matsayin madogara ɗaya.

Sharaɗin zaman kai ne ke kayar da yawancin kamfanoni, domin hawa biyu gare shi. Na farko, kada marubucin ya kasance yana da alaƙa da kamfanin. Na biyu, wanda ya fi wuya, abin da ke cikin rubutun ma kada ya zama daga bakin kamfanin ya fito. Babbar jarida za ta iya buga doguwar hira da shugaban kamfani yana ba da labarin yadda ya fara da babur ɗaya. Jaridar amintacciya ce, ɗan jaridar ba yaron kowa ba ne, amma idan aka cire maganganun shugaban sai a ga babu abin da ya rage. Wannan ba ta ƙirguwa. Haka ma sanarwar manema labarai da aka sauya wa kanu aka buga a shafuka ashirin. Gogaggen edita yana gane ta nan take: jimloli iri ɗaya, rana ɗaya, hoto ɗaya.

Kamfanonin kai abinci kuwa gwanaye ne wajen samar da irin wannan hayaniya. Yau sun samu sabon jari, gobe sun shiga sabon birni, jibi sun naɗa sabon manaja ko sun ƙulla yarjejeniya da wani gidan abinci. Ƙa'idar ta ambaci irin waɗannan labarai ƙarara a matsayin na yau da kullum, marasa nauyi. Shiga jerin "kamfanoni goma masu tasowa" ma haka yake. Rumbunan bayanai irin su Crunchbase, da kowa zai iya cusa abin da yake so, ba a karɓarsu.

To wane irin rubutu ne ke wucewa? Dubi kamfanin kai abinci na Deliveroo, wanda aka kafa a Landan a 2013. Da ya shiga kasuwar hannun jari a Maris ɗin 2021, darajarsa ta faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a ranar farko, masana suka yi ta rubuta dalilai. A Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar da wata ƙungiyar ƙwadago ta kai kan matsayin aikin mahayansa masu kai abinci. A Sifaniya ma hukumomi sun ci kamfanin kai abinci na Glovo tarar Yuro miliyan 79 a 2022 kan yadda yake ɗaukar mahayansa aiki. Babu kamfanin da ya roƙi a rubuta waɗannan labarai, kuma abin da ya ba su nauyi ke nan. Abin dariya, sau da yawa labarin da kamfani ya fi ƙi shi ne ke ba shi kujera a Wikipedia.

Akwai wasu ƙananan sharuɗɗa. Aƙalla madogara ɗaya ta fito daga kafar da ta wuce gari guda, ta yanki ko ta ƙasa ko ta duniya. Ba a kuma gadon shahara: don fitaccen attajiri ya zuba jari a kamfani, ko don kamfanin reshe ne na wani babba, hakan bai wadatar ba.

Idan wani ya ga shafi bai cika sharuɗɗa ba, yakan gabatar da shi don muhawarar gogewa, wadda kan ɗauki kwana bakwai. Ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba, hujja ake aunawa, saboda haka tara abokai su zo su ce "a bar shi" ɓata lokaci ne. Shafin da tallarsa ta fito fili kuwa ana iya goge shi nan take. Wani lokaci ba a gogewa, sai a haɗe bayanin cikin shafin uwar kamfanin. Wanda aka biya don ya rubuta shafi dole ne ya bayyana hakan, bisa sharuɗɗan amfani da Wikipedia waɗanda aka sabunta a 2014. Kamfanin da aka goge yau zai iya dawowa idan madogara ta samu daga baya, sai dai daga ranar shafin ba mallakarsa ba ne, kuma yajin aikin mahayansa zai zauna kusa da tarihin kafuwarsa.