Wasannin Bin Kiɗa a Kwamfutar Gida

Wasan bin kiɗa nau'i ne na wasannin bidiyo da ake saka waƙa ko zallar kiɗa, alamomi su riƙa gangarowa ko haurawa a allo, ɗan wasa kuma ya danna maɓalli, ko ya taka ƙafa, ko ya buga ganga daidai lokacin da alama ta iso kan layin da aka shata. Abin da na'ura ke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin bugun kiɗa da bugun hannu, kuma da milisakan take awon, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A gidajen wasa na Japan irin wannan wasa ya yi tashe, inda ake jefa kuɗin ƙarfe cikin wani babban akwati mai fitilu a yi wasa a idon jama'a. Daga baya masu sha'awa suka rubuta manhajojin da ke kwaikwayon akwatunan a kwamfuta. Ta wannan ƙofa ce wasan ya fi isa garuruwa irin Kano, inda gidajen gem suka fi karkata ga ƙwallon ƙafa da wasannin faɗa a PlayStation.

Asali

A 1996 wasan PaRappa the Rapper ya fito a PlayStation, kuma shi ake yawan lissafawa a matsayin wanda ya buɗe fagen. Sai dai kamfanin Konami ne ya mayar da abin kasuwa. A ƙarshen 1997 ya fitar da Beatmania, akwati mai maɓallai biyar da faifan da ake murzawa irin na masu saka kiɗa a wurin biki. A 1998 sai ga Dance Dance Revolution, wanda ake takawa da ƙafa a kan dandamali mai kibiyoyi huɗu: hagu, ƙasa, sama da dama. Beatmania IIDX ya biyo baya a 1999 da maɓallai bakwai. A shekarar ne kuma kamfanin Andamiro na Koriya ta Kudu ya fito da Pump It Up mai gurabe biyar, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya. Kamfanin Namco ya kawo Taiko no Tatsujin a 2001, wanda ake buga gangar Japan da sanduna biyu, jar alama ta tsakiyar fata ce, shuɗiya ta bakin ganga. A Amurka, Guitar Hero na 2005 ne ya shigar da wasan ɗakunan mutane da jitarsa ta roba.

Shigowarsa kwamfuta

Akwatin gidan wasa yana da tsada, yana da nauyi, kuma waƙoƙin da kamfani ya zuba su kenan. Wanda yake son ya ƙware sai ya yi ta jefa kuɗi. Tun a 1998 wani mai shirya manhaja a Japan, Urao Yane, ya ƙirƙiro tsarin fayil da ake kira BMS, wanda ya ba kowa damar rubuta nasa jerin alamomi irin na Beatmania ya buga a kwamfuta. A 2001 Chris Danford ya fara StepMania, kwaikwayon wasan rawar nan na Konami, kuma ya bar tushen manhajar a buɗe don kowa ya gyara. Abin ya yi kyau har kamfanin Roxor ya gina akwatinsa na kasuwa, In the Groove, a kan StepMania a 2004. Konami ya kai ƙara a 2005, aka sasanta a 2006, haƙƙin wasan ya koma hannun Konami.

A Finlan, Frets on Fire ya fito a 2006 da wata dabara ta marasa hali: a ɗauki kibod a rungume shi kamar jita, yatsun hagu a kan F1 zuwa F5, hannun dama yana kaɗa Enter. A 2007 Dean Herbert, ɗan Ostareliya, ya fitar da osu!, wanda ya samo salonsa daga wani wasan Nintendo DS, ƙaramar na'urar wasa ta riƙewa a hannu, na 2005. A cikinsa da'irori ake bi da linzamin kwamfuta, amma yana da sashen ganga da sashen maɓallai irin na Beatmania. Clone Hero, kwaikwayon Guitar Hero, ya zo a 2017, Friday Night Funkin' a 2020. Duk waɗannan kyauta ake samunsu. Shi ma Konami da ya ga inda kasuwa ta dosa, ya fito da Beatmania IIDX Infinitas na kwamfuta a 2015, amma da biyan kuɗin wata.

Manhajojin kwaikwayo ba sa zuwa da waƙoƙin kamfanoni, saboda haƙƙin mallaka. Waƙoƙi da jerin alamominsu 'yan wasa ne ke haɗawa suna rabawa junansu, kuma da yawa daga ciki ba a nemi izinin masu su ba.

Yadda ake auna bugu

Kowace alama tana da lokacinta, kuma a gefensa akwai 'yar tazarar sassauci. A tsarin StepMania na asali, wanda ya buga cikin milisakan 22.5 kafin lokaci ko bayansa ya samu daraja mafi girma. Cikin 45 daraja ta biyu, cikin 90 ta uku, daga nan sai a yi ta sauka har 180, bayan haka kuskure ne. Akwai ma'aunin rai a saman allo da ke cika idan ana dacewa, ya ragu idan ana kuskure, in ya ƙare wasa ya ƙare ko da waƙa ba ta kai rabi ba.

Don a gane ƙanƙantar wannan tazara, kiɗa mai bugu 120 a minti yana da rabin sakan tsakanin bugu da bugu. Idan aka raba kowane bugu gida huɗu, alamomi za su riƙa zuwa duk milisakan 125, wato takwas a sakan guda. Ido kaɗai ba ya iya bin wannan. Ƙwararru da kunne suke bugawa, ido kuwa karanta tsarin da ke tafe yake yi, kamar yadda mai karatu ba ya bin baƙi ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya saurari lugude, mata uku a turmi ɗaya, taɓarya na fita wata na shiga har ana cilla ta sama a tafa a cafe, ya san irin wannan ƙwarewa. Ba wadda ke kallon taɓaryar 'yar'uwarta, amo suke bi.

Jinkiri

Nan ne wasan gida ya bambanta da na akwati. Akwatin kamfani an haɗa allonsa da sifikunsa da maɓallansa tare, an daidaita su. A gida kuwa kowane ɓangare da nasa ɗan jinkirin, kuma taruwa suke yi. Allo mai sabunta hoto sau 60 a sakan yana ɗaukar kusan milisakan 16.7 kafin ya nuna sabon hoto. Kibod na yau da kullum da kwamfuta ke leƙawa sau 125 a sakan yana iya ƙara har 8. Talabijin na bango ya fi muni, domin yakan tsaya gyara hoto kafin ya nuna shi, sai an shiga saitinsa an zaɓi yanayin wasa. Hatta iska tana da nata rabon: sauti na cin kusan milisakan 3 a kowace mita, don haka sifikar da ke can ƙuryar falo ta riga ta cinye wani abu daga cikin 22.5 ɗin nan.

Babban mai laifi shi ne iyafis na Bluetooth. Jinkirinsa yakan wuce milisakan 100, ya ninka tazarar daraja ta farko sau huɗu ko fiye. Sabon ɗan wasa zai yi ta zargin yatsunsa alhali ba su da laifi. Iyafis mai waya na 'yan kuɗi kaɗan ya fi shi amfani a nan nesa ba kusa ba. Ragowar jinkirin kuma ana cire shi da saitin daidaitawa: manhaja ta saka bugu mai maimaituwa, mutum ya yi ta dannawa tare da shi, ita kuma ta lissafa matsakaicin kuskurensa ta matsar da alamomi gaba ko baya.

Kayan wasa

Kibod ya wadatar. Masu wasan layi huɗu sukan ɗora yatsu a D, F, J da K. Matsalar kibod mai araha ita ce wasu maɓallai uku idan aka danna su tare ɗaya ba ya shiga, saboda yadda aka haɗa wayoyinsa a ciki. A gwada kafin a saya: a buɗe shafin rubutu, a danne huɗun lokaci guda a gani.

Tabarmar rawa ta leda tana shiga ta USB, amma a kan tayil ko sumul ɗin siminti zamewa take yi, sai mutum ya taka hagu ya tarar ta koma tsakiya. Akan manna ta a kan falanki don ta zauna. Ta ƙarfe, irin wadda kamfanin L-Tek na Folan ke ƙerawa, ta fi ƙarko, sai dai kuɗin dakonta kaɗai abin dubawa ne. Ƙarfen da ake dafawa ta baya a akwatin kamfani, a gida bayan kujera ne ke maye gurbinsa.

A Kano

Yawancin waɗannan manhajoji ba sa buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Laftof ta hannu irin wadda ake samu a Beirut Road tana ɗaukar StepMania ko sashen maɓallai na osu! ba tare da wahala ba, kibod da iyafis kuma akwai su a nan da kasuwar waya ta Farm Centre. Laftof ta fi dacewa da garin saboda batir: idan aka ɗauke wuta a tsakiyar waƙa, wasa bai yanke ba. Amma da yawansu suna rage gudu da zarar sun koma kan batir, hoto ya fara tsalle, sai an canza saitin wuta. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ma suna taɓa wasan. Fanka ta toshe, na'ura ta ɗau zafi ta rage wa kanta gudu, maɓallai kuma su fara maƙalewa. Data ba ta cika zama matsala ba, tunda waƙa sau ɗaya ake sauke ta, sauran a tura ta filash. A gidan haya ko gidan yawa, takun tabarma da ƙarar kibod bayan isha'i suna iya haɗa mutum da maƙwabta ko da ya sa iyafis.

Haɗa wa waƙar Hausa alamomi

Fayil ɗin StepMania rubutu ne zalla da kowa zai iya buɗewa. A samansa akwai sunan waƙa, yawan bugunta a minti, da lokacin da bugun farko ya faɗo. A ƙasa sai layuka masu lambobi huɗu-huɗu: 1000 kibiyar hagu ce, 0001 ta dama, 1001 a taka duka biyun, 0000 a huta. Waƙoƙin da aka haɗa a situdiyo da fiyano, irin na Zoo Road, suna da sauƙin aiki domin gudun kiɗansu ba ya motsi daga farko har ƙarshe. Abin lura shi ne kiɗan Hausa da yawa bugunsa gida uku yake rabuwa, don haka wanda ya yanka kowane bugu huɗu gida 16 kamar yadda aka saba da waƙoƙin Japan zai ji alamomi suna faɗuwa gefen kiɗa. Gida 12 ko 24 ne daidai. Kiɗan kalangu ko na ƙwarya da aka naɗa a filin biki ya fi ba da wuya, saboda makaɗa suna ƙara gudu idan wuri ya yi zafi, su sassauta idan mawaƙi ya shiga kirari. Mai haɗa alamomi sai ya bi kiɗan gaɓa-gaɓa yana sauya lissafin gudu, wani lokaci sau goma ko fiye a waƙa guda.