Wai an yi wa abin kwashe kashin kare rajista: me dokar ƙirƙira ta ce?

Ranar Talatar da ta wuce kawuna ya kira ni ko karyawa ban yi ba. Mai walda ne a tsohuwar kasuwar Panteka da ke Kaduna, ya haura shekara talatin yana lanƙwasa ƙarfe. "Lauya, kana ina? An ce za a zo da 'yan sanda a kwashe mu." Na ce, "Kawu, a kan me za a kwashe ku?" Sai ya turo min wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai maganar yana rantsuwa cewa wani ɗan kasuwa ya je Abuja ya yi wa abin kwashe kashin kare rajista, an ba shi takarda mai hatimi, kuma daga yanzu duk wanda ya ƙera, ko ya sayar, ko ma aka gan shi da shi a gida, ɗauri ne da tara.

Wanda bai san abin ba, ga shi: fayif ne da tsawonsa bai wuce ƙugu ba, a ƙasa an yi masa baki biyu na langa-langa masu haɗuwa kamar awartaki, a sama an ɗaura hannun birkin keke da wayarsa. Ka matse, bakin ya buɗe. Ka saki, sifirin ya rufe shi a kan ƙazantar. Masu gadi da yaran gida a Malali, Unguwar Rimi da Barnawa, inda ake ajiye karnukan gadi, su ne suka fi nemansa, don ba mai son hannunsa ya kusanci najasa da sassafe. Masu kyanwa da zomaye ma sun fara saye.

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta 1970, wadda har yau ita ke aiki a Najeriya. Rajistar tana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Takardar da ake bayarwa ita ce lauyoyi ke kira fatent (kada a ji fate a ɗauko cokali), kuma tana aiki shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, muddin ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Kowa na iya nema, mutum ɗaya ko kamfani, ɗan ƙasa ko baƙo. Ba a ba da ita a kan nau'in tsiro ko na dabba, ko abin da ya saɓa wa tarbiyya da zaman lafiyar jama'a. Na ji wani yana cewa ai tun da kashi ƙazanta ne, ba za a yi wa abin kwashe shi rajista ba. Wannan ba hujja ba ce. Tsafta ma abin yake kawowa.

Inda mai saƙon muryar ya fara kaucewa shi ne ɗaukar takarda mai hatimi a matsayin hukunci. Sashe na 4 na dokar ya taƙaita aikin mai rajista ga duba takardu: an cika fom, an kawo bayani da zane, an biya kuɗi? Idan haka ta samu, sai ya ba da takarda. Ba a ɗora masa binciken ko abin sabo ne, ko wani ya riga ka ba. Dokar da bakinta ta ce ana ba da takardar ne a kan kasadar mai nema, gwamnati ba ta lamunce ingancinta ba. A Amurka ko Turai akwai ma'aikatan da ke zama su tona tsofaffin takardu kafin su amince, wani lokaci a kai shekaru ana kai-komo. Mu a nan babu wannan matakin. Don haka ko da gaske ne ɗan kasuwar ya samu takarda, abin da ta tabbatar kawai shi ne ya je ofis ya biya.

To wa ke tantance ingancinta? Babbar Kotun Tarayya, kuma tana da reshe a nan Kaduna. Ma'auninta yana sashe na 1: abin ya zama sabo, ya fito daga ƙirƙira ta gaske, kuma a iya ƙera shi ko a yi amfani da shi a sana'a, har da noma. Na ukun ba ya ba da wahala. Na farko da na biyu su ne ramin da yawancin takardu ke faɗawa.

Sabo a idon wannan doka ba sabo a Kaduna ba ne, ba kuma sabo a Najeriya ba. Duk abin da aka taɓa bayyana wa jama'a, ko'ina a duniya, a kowane zamani, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi, ya riga ya tashi daga sabo. A 1978 birnin New York ya fara tilasta wa masu karnuka kwashe abin da karnukansu suka yi a titi, wasu biranen suka bi sahu, masu dabara kuwa suka yi ta tururuwa zuwa ofishin rajistar Amurka da irin waɗannan kayan: mai baki biyu, mai leda a ciki, mai tsintsiya da faka a haɗe, mai naɗewa a sa a aljihu. Takardun suna nan birjik a Google Patents, kyauta, da zanensu. Na shekarun 1970 zuwa 1990 duk wa'adinsu ya ƙare, sun zama na kowa. Waɗanda ma ke da rai a can ba su da hannu a kan mai walda a Panteka, saboda takardar Amurka iyakarta Amurka, sai in mai ita ya zo ya nemi ta Najeriya.

Sharaɗi na biyu shi ne ya fi rikitar da mutane, har da wasu lauyoyin. Dokar ta ce ƙirƙira ta gaske ita ce wadda ba a fili take ba ga wanda ya san abin da aka riga aka sani a fannin, ko ta fuskar hanyar yi, ko haɗa hanyoyi, ko kayan da aka samar, ko sakamakon da ya bayar. A sauƙaƙe: ka ɗauko ƙwararren maƙeri, wanda ya san duk dabarun sana'arsa amma ba shi da wata baiwa ta daban. Ka ce masa, "Malam, ina son in ɗauke ƙazanta daga ƙasa ba tare da na sunkuya ko na taɓa ba." Idan kafin shayinsa ya huce zai ce a sa wa awartaki dogon hannu a ja shi da waya, to abin a fili yake, ko da ba wanda ya taɓa haɗa shi daidai haka. Awartaki tsoho ne, birkin keke tsoho ne, sifirin tsoho ne, kuma kowanne a cikin abin aikinsa na da yake yi.

Kotunan Amurka sun daɗe suna tauna wannan magana, kuma ko da hukuncinsu bai ɗaure alƙalinmu ba, hankalin da ke ciki yana da amfani. A 1851 Kotun Ƙolinsu ta ƙi amincewa da takardar wasu da suka yi mariƙin ƙofa da yumɓu ko tangaran a maimakon itace ko ƙarfe, ta ce sauya kayan haɗi kawai aikin gwanin hannu ne, bai kai ƙirƙira ba. Ka auna wannan da mai cewa nasa na roba ne, na mutane na ƙarfe. A 2007 kuma, a shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex, an kawo totur ɗin mota mai matsawa gaba ko baya daidai da ƙafar direba, aka maƙala masa na'urar lantarki mai gane yadda aka taka. Dukansu biyun an san su tun da. Kotun ta ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, a samu abin da kowa ke tsammani, da wuya ya zama ƙirƙira.

Sai dai kada a ɗauka komai mai sauƙi a fili yake. Bayan an ga abu, kowa gwani ne, kowa zai ce ai da ni ma zan yi. Shi ya sa kotu ke ƙoƙarin komawa ranar da aka shigar da buƙata, ta tambayi abin da maƙeri zai hango a lokacin, kafin a nuna masa amsa. A nan ne ake duba ko an daɗe ana fama da matsalar, ko wasu sun gwada sun kasa. Misali, kowa ya san babbar matsalar abin shi ne bakinsa na ɓaci, sai an wanke, kuma wankin ya fi kwashewar tayar da zuciya. Wanda ya fito da wata dabara ta daban da ke hana hakan, wadda ba ta cikin tsofaffin takardu kuma maƙeri ba zai hango ta kai tsaye ba, yana iya samun takarda mai ƙarfi. Dokar ta yarda da gyara a kan ƙirƙirar da ke akwai. Amma kariyarsa ta tsaya a kan wannan dabarar da ya rubuta a sashen da'awa na takardarsa, wato inda ya fayyace abin da yake cewa nasa ne. Ba ta ba shi mallakar duk wani fayif mai baki biyu a Najeriya ba.

Yanzu maganar ɗauri, wadda ita ce ta hana kawu barci. Kwaikwayon abin da wani ke da takardar ƙirƙira a kai, a wannan doka, rigima ce tsakanin mutum da mutum. Mai takarda ne zai shigar da ƙara Babbar Kotun Tarayya, kuma abin da zai iya samu shi ne diyya, ko umarnin a dakatar da ƙerawa, ko a yi lissafin ribar da aka ci a ba shi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan irin wannan rigimar kawai. Na san abin da za a ce min: a ƙasar nan mai kuɗi na iya sa a gayyace ka ofis ko doka ta ce me. Gaskiya ne, amma sunan wannan tsoratarwa, kuma wanda ya san haka yakan shiga da lauya ya fito da wuri. Shi kuwa mai gadin da ke amfani da abin a gidan maigidansa, ko matar da ta saya don kyanwarta, ba su ma cikin lissafi, domin haƙƙin mai takarda ya shafi abin da aka yi don sana'a ko kasuwanci ne. Wurare biyu ne wasan ke iya zama na gaske: ka buga sunan kamfanin wani ko tambarinsa a kan kayanka, wanda wata doka ce daban kuma tana da hukuncin laifi, ko kotu ta ce ka dakata ka yi kunnen uwar shegu.

Akwai wata kariya da kusan ba wanda ya sani a Panteka. Sashe na 6 ya ce wanda yake da sana'arsa a Najeriya, kuma yana ƙera abin da zuciya ɗaya tun kafin ranar da wancan ya shigar da buƙata, yana da ikon ci gaba. Da na je shagon, na tambayi kawu tun yaushe yake yi. Ya jawo wani littafin makaranta da mai ya cinye bangonsa, inda yake rubuta aiki da bashi, ya laluba har ya kai wani shafi na shekarun baya: kwanan wata, sannan "abin kare guda uku, Malali, an ba da rabi." Na ce, "Kawu, ku adana littafin nan kamar takardar gida." Shafin nan hujja biyu ce, yana nuna sun riga, yana kuma nuna abin ba sabo ba ne. Kuma sashe na 9 ya ba kowa damar roƙon kotu ta soke takardar da ba ta cika sharaɗi ba.

A takarda wannan ya yi kyau. A aljihu kuwa, ban ga adalcinsa sosai ba. Gwamnati ta sauke wa kanta nauyin bincike ta ɗora wa wanda aka tsorata, shi zai nemi lauya, shi zai yi ta zarya kotu, a kan kayan da ribarsa ba ta kai kuɗin motar zuwa ba. Mai takardar banza ya san haka, shi ya sa wasiƙar lauya ɗaya ko saƙon murya ɗaya ke isarsa. Doka ce da ta haura shekara 50, an yi ta lokacin da ake ganin ba mu da ma'aikatan tantancewa, kuma har yau ba a sauya wannan sashen ba.

Siffar abu kuwa, wato kyan gani da fasalinsa, rajistarta daban ce a cikin dokar, shekara 5 ana sabuntawa sau biyu, kuma ba ta kare yadda abin ke aiki.

Ina shirin tafiya sai babban yaron shagon ya ja ni gefe. Shi ya yi wa bakin wani gyara da ke riƙe leda ya juyar da ita, kuma yana tunanin ko shi ma ya nemi takarda. Na gaya masa a dokar nan wanda ya fara shigar da buƙata shi ke da haƙƙi, ko da ba shi ya fara ƙirƙira ba. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Na kuma ce kada ya nuna wa kowa tukuna, don bayyanawar da mutum ya yi da kansa ma tana kashe sabunta, in ban da baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, shi ma cikin wata 6 kafin shigar da buƙata. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Yallaɓai, to wanda na sa a TikTok tun azumi fa?" Ya miƙo min wayar. Ga shi nan a bidiyo, yana kwance abin ƙusa bayan ƙusa yana bayani, mutane na ta tambayar nawa ne guda.