Waiwaye: Farin Ciki a Tsakiyar Makokin Baƙaƙen Fatar Amurka

Bayan da wani ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwa har rai ya yi halinsa a birnin Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020, an riƙa jin wasu baƙaƙen fata suna kira ga 'yan'uwansu da su daina maimaita kallon bidiyon, su samu barci, su taru su ci abinci, har su taka rawa. Akwai waɗanda suka ɗauki kiran a matsayin ja da baya, alhali kuwa yana da tushe mai tsawo a cikin gwagwarmayar kanta.

Tun a zamanin bauta, bayin birnin New Orleans kan taru ranar Lahadi a filin Congo Square, su buga ganga, su yi waƙa, su sayar da ɗan abin da suka noma. A wannan birni ne kuma aka samu al'adar jana'izar da mabusa ke raka gawa da amo mai sanyi da nauyi, idan an rabu da ita kuma sai kiɗa ya sauya, jama'a su cika titi suna rawa da laima a hannu. Ƙungiyoyin taimakon juna ne ke ɗaukar nauyin irin wannan jana'iza, da kuɗin da mambobi ke zubawa kamar adashi, domin kamfanonin inshora sun daɗe suna juya wa baƙar fata baya.

Jam'iyyar Black Panther, wadda aka kafa a Oakland a 1966, ta fi shahara da bindiga, amma a 1969 ta fara ba yara karin kumallo kyauta kafin su tafi makaranta, ta kuma buɗe ɗakunan shan magani inda ake gwajin cutar sikila. Rashin yardar baƙaƙen fata da asibitocin hukuma yana da dalili: daga 1932 zuwa 1972, a binciken da hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta gudanar a garin Tuskegee, an bar ɗaruruwan maza baƙaƙe da ciwon tunjere ba magani don kawai a ga yadda cutar za ta ci jikinsu.

Marubuciya baƙar fata Audre Lorde ce ta ba wa batun kula da kai kalamansa da aka fi ambata. A 1988, tana fama da ciwon daji, ta rubuta cewa kula da kanta ba shagala ba ce, tsare rai ne, kuma wannan yaƙi ne na siyasa. A 1992, shekarar da ta rasu, masaniya Arline Geronimus ta gabatar da hujjar cewa damuwar wariya ta yau da kullum tana tsufar da jiki tun kafin lokaci. Har yau mace baƙa a Amurka ta fi farar fata haɗarin mutuwa a dalilin ciki ko haihuwa da kusan ninki uku.

Abin takaici shi ne yadda 'yan kasuwa suka cafke maganar Lorde suka liƙa ta a jikin man shafawa da kyandir mai ƙamshi, suka mayar da ita harkar mai kuɗi shi kaɗai a ɗakinsa. A ganina wannan ya ci amanar asalinta, domin a hannun waɗanda suka fara ta aikin gayya ce. Tricia Hersey ta yi ƙoƙarin dawo da ita kan turba a 2016, lokacin da ta kafa The Nap Ministry, wadda ke tara mutane a zaure guda, a shimfiɗa tabarmi da barguna, su yi barcin rana tare, a madadin kakanninsu da aka hana hutu a gonakin auduga.